Kuɗin Yaƙi da Kacala: A Yanke Ciyawa Ko A Gyara Ruwa?

Injiniya, Haɗeja: Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya da aka kawo shawarar mu haɗa takardar neman tallafi don yankan kacala, doguwar ciyawar ruwan nan da ke toshe hanyoyin ruwa, abin yake damuna. Zan faɗi ra'ayina a fili, wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa. Duk kuɗin da za a zuba a yankan kacala a fadamar Haɗeja da Nguru asara ne, muddin ba a taɓa yadda ake sakin ruwa daga dam ɗin Tiga da na Challawa ba. Kafin a kammala Tiga a 1974, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala, da rani kuma ya janye har a taka yashinsa da ƙafa. Kacala ba ta jure wa wannan. Da aka gina Tiga, aka ƙara da Challawa a 1992, sai ruwa ya zama kullum yana nan, ba zurfi, ba gudu, ba ƙafewa. Irin ruwan da kacala take so ke nan. Ka yanke ta bana, saiwarta tana cikin laka, baɗi ta dawo ta fi da. Idan za mu nemi kuɗi, mu nemi na gyaran ruwa.

Baba masunci, Nguru: Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Tarihin da ka kawo haka yake, da idona na gani. Amma kalmar asara ta yi nauyi. Ina da shekaru fiye da hamsin a kan ruwan nan. Wuraren da muke jefa koma a da, yau kwalekwale ba ya shiga, sai ka sauka ka tura da ƙirji, ganyen yana yankar hannu. Shekarar da muka yi gayya muka buɗe hanya ɗaya, da lauje da adda, mun kama tarwaɗa da karfasa har muka biya bashin hatsi. Yarana sun ci abinci a wannan shekarar. Wannan ba asara ba ce a wurina.

Injiniya, Haɗeja: Baba, Allah ya ja kwana. To bayan shekara nawa hanyar ta sake toshewa?

Baba masunci, Nguru: Biyu. A ta uku kamar ba a taɓa ba.

Injiniya, Haɗeja: Abin da nake nufi ke nan, Baba.

Baba masunci, Nguru: Ɗana, gonarka ma duk shekara kake nome ta, ba ka taɓa cewa noma asara ba ne don ciyawa ta dawo.

Manomi, Guri: Ni ina bayan Baba, kuma ina da ƙarin abin da ya fi kifi ciwo. Tsuntsayen jan baki. A cikin kacala suke kwana, a ciki suke ƙyanƙyasa. Da shinkafa ta fara nuna sai su taso kamar hadari. Yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu, makaranta ta tsaya, kuma duk da haka rabin abin da ka shuka ya tafi. Ga sauro, ga tsargiya da ke damun yaranmu. Wanda yake zaune a nan ba zai iya jiran ranar da manya za su zauna su daidaita kan dam ba. Shekara nawa ana wannan zaman?

Malama, Gashuwa: Bari in shigo, don mu na ƙasa mu ne ba a cika jin muryarmu ba. Ku a Guri da Nguru ruwa ya yi muku yawa, mu kuma ya yi mana kaɗan, kuma ciwo ɗaya ne. Kacala tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanya ta cike. Tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana da kogin Kafin Hausa duk sun sha wannan toshewar, sai yawancin ruwan ya karkata ta hanyar ruwan Marma ya nufi tafkin Nguru, ya cinye gonakin mutane a can. Abin da yake isowa Gashuwa yanzu mafi yawansa na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse shi da babban dam ba. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan Jama'are gabanmu yake faɗuwa.

To a nan nake ganin Injiniya ya yi gaskiya rabi. Ko da gobe an gyara sakin ruwa daga sama, idan hanyoyin a toshe suke, ruwan da aka saki ba mu zai zo wa ba, gidajen mutanen Marma zai shiga. Dole a buɗe hanya. Amma buɗe hanya yasa ce, a kwashe laka da saiwa, ba a aske kan ciyawa a ɗauki hoto ba.

Ɗan Kura: Na yi shiru ina karantawa, amma na ga maganar tana zuwa kanmu. In an ce a gyara sakin ruwa, a fassara mana da Hausa: a rufe mana kanal da rani ke nan? Ku zo Kura da Bunkure da Garun Malam da Kadawa ku ga mutum nawa suke ci daga ruwan Tiga. Shinkafa, tumatir, albasa, alkama, masara. Birnin Kano ma daga kogunan nan yake sha. Ba mu muka gina dam ba, mun tashi mun same shi, a kansa muka yi aure muka haifi 'ya'ya. Kada a gyara wa wani a ɓata wa wani.

Injiniya, Haɗeja: Ɗan'uwa, ba wanda ya ce a rufe maka kanal. Ruwan da kake shayar da gonarka daban, ruwan da yake zubewa a banza ya gangara kogi da rani daban. Akwai wanda yake tsiyaya ta kanal da ta fashe, akwai wanda ake sakin sa fiye da buƙata, akwai wanda manomi yake barin sa ya kwana yana gudu bayan gona ta ƙoshi. Wannan ragowar ita take hana kogi bushewa a ƙasa. Abin da masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara shi ne a saki ruwa da yawa a lokacin damina, yadda zai yi ƙarfi ya wanke hanya ya shayar da fadama, da rani kuma a taƙaita shi ga abin da ake buƙata, a bar wasu rassan su bushe na wasu watanni. Kuɗin tallafi a nan ya kamata ya shiga: gyaran ƙofofin ruwa, liƙe kanal, na'urorin auna ruwa a kogi, da horar da masu kula da su. Wannan tattalin ruwa ne, kai ma za ka amfana, don wanda gonarsa take ƙarshen kanal shi ya fi kowa sanin zafin ruwan da ya zube a hanya.

Ɗan Kura: Wannan na yarda da shi. Gonar ƙanena a ƙarshen layi take, sai dare yake samun ruwa. Amma a rubuta a takarda cewa ba rage mana kaso za a yi ba.

Malama, Gashuwa: Ɗan Kura, ba don in ɓata maka rai ba, amma mu ma a rubuta namu kason. A shekarun 1960 zuwa 1970 ambaliyar damina takan shayar da hekta 250,000 zuwa 300,000 a fadamar nan. Daga baya ta koma ƙasa da 100,000. Fari ya taka rawa, dam ma ya taka. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun lissafa abin da fadama take bayarwa, noma da kifi da itace, suka gwada da na noman rani a sama, suka samu cewa a kan kowace ma'aunin ruwa fadama ta fi kawo amfani. Ba na faɗi haka don a rushe Kadawa ba. Na faɗa ne don a daina ɗaukar ruwan da ya wuce Wudil a matsayin ruwan da ya ɓata.

Ardo, Kirikasamma: Ni ban yi boko ba, ɗana ne yake rubuta min. Abu biyu. Na ɗaya, kacala ta cinye mashaya da makiyaya. Inda burgu yake fitowa bayan ruwa ya janye, yanzu ita ce. Shanu ba sa cin ta in ta tsufa, kuma in sun daɗe a ruwan da ba ya gudu sai ciwon hanta. Da makiyaya ta ƙuntata sai dabba ta matsa kusa da gona, daga nan sai rigima, kowa ya san wannan. Na biyu, duk taron da aka yi kan kuɗin nan, sai an gama rabo muke ji. In za ku rubuta takarda ku sa mu tun farko.

Manomi, Guri: Ardo ya faɗi gaskiya, a sa su. Rigimar da muke yi da su rabinta kacala ce ta haddasa.

Ɗalibi, Dutse: Iyayena, ina neman izini in kawo wata fuska. Me zai hana a mai da ita dukiya? A kogin Senegal irin wannan ta faru bayan an gina dam ɗin Diama a 1986, kacala ta mamaye. A yankin Rosso na Muritaniya ana sarrafa ta a yi gawayin girki, a Senegal ana haɗa ta da ƙasa a yi kayan gini masu hana zafi. Mu ma a nan, a ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da wata jami'a ta Madrid da Jami'ar Maryland sun yi bincike kan mai da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. In mutum zai samu kuɗi daga yankan ta, ba sai an jira tallafi ba, da kansa zai shiga ruwa.

Injiniya, Haɗeja: Ɗana, tunanin yana da kyau, kuma ina son a gwada. Tsorona ɗaya: lissafi. Ɗanyar kacala ruwa ce da nauyi. Ka yanka, ka fito da ita daga taɓo, ka shanya, ka ɗauka zuwa inda inji yake. Kafin ta zama gawayi, nawa ka kashe, kuma nawa za ka sayar a kasuwar da itace yake da araha? In ba a yi wannan lissafin ba, ranar da tallafi ya ƙare ranar injin zai tsaya. Sannan ko an yi nasara, abin da za a yanka kaɗan ne a kan abin da yake tsirowa.

Hajiya, shugabar ƙungiyar mata, Haɗeja: Kaɗan ne a wurinka Injiniya, a wurin macen da take tafiya mai nisa neman itace ba kaɗan ba ne. Mu dama muna saƙa tabarma da asabari da ita. A bar wa mata wannan ɓangaren, ko ƙarami ne.

Amma ni abin da ya kawo ni daban ne. Kowa yana cewa tallafi, tallafi. A bambance mana. TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, kusan dala miliyan 495, rance ne. ACReSAL na 2021, shirin farfaɗo da ƙasa da albarkatun ruwa, dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ma rance ne mai sauƙin ruwa. Jikokinmu za su biya. In kyauta ce aka watsar, da ciwo. In bashi ne aka watsar, ciwon biyu ne. Na taɓa ganin wani ɗan kwangila, ba zan kama suna ba, ya kawo inji bakin ruwa kusa da garinmu, ya yi kwana tara, ya tara abin da ya kwaso a gefen hanyar ruwan. Ruwan farko ya mai da shi ciki. Da an ba ƙungiyar masunta rubu'in kuɗin nan, da sun yi abin da ya fi haka, don su za su bi hanyar gobe.

Baba masunci, Nguru: Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Kuma yankan ma akwai yadda ake yi. In ka sare ta a sama da ruwa ka yi mata aski ne. Sai ka nutsa lauje ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwan zai rufe kututturen. Ta ganye take shaƙar iska zuwa saiwa, in ruwa ya rufe ta sai ta ruɓe. Ka maimaita sau biyu ko uku a shekara kafin ta fitar da kai, za ka ga bambanci. Wanda aka kawo daga birni bai san wannan ba.

Injiniya, Haɗeja: Wannan gaskiya ne Baba, haka yake a kimiyyance. To na janye kalmar asara a kan irin wannan yankan. Amma ban janye ta a kan kwangilar shekara ɗaya ba, wadda ba ta da kuɗin kulawa a bayanta. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa kaso mafi girma ya tafi ga ruwa. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin nan ya haɗa, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun zauna a Damaturu aka kafa asusun amana na kogin. Tsarin zama tare yana nan ke nan. Takardarmu ta nemi a yi aiki da shi, a fito da jadawalin sakin ruwa da kowa zai gani, daga Tiga har Gashuwa.

Manomin tattasai, Diffa (Nijar): Har Diffa, Injiniya, kada ku tsaya a Gashuwa. Komadugu ɗaya muke sha, tattasanmu da shi yake rayuwa kafin ya faɗa tafkin Chadi. In ya makara zuwa ko ya janye da wuri, mu muke fara gani a gona. Ba mu da hannu a takardarku, amma ku ambace mu.

Manomi, Guri: Ni dai har yanzu ban gamsu da kaso mafi girma ba. Jadawali takarda ce, ana iya sa hannu a ajiye. Hanyar da aka buɗe kuwa ina ganin ta da idona. In an tambaye ni, rabi da rabi, kuma rabin yasa a fara da shi kafin damina.

Malama, Gashuwa: To a bar rabon kaso sai an zauna ido da ido. Zan fara rubuta daftarin a daren nan. Baba, ina buƙatar sunayen hanyoyin ruwan da kuke ganin in an buɗe su ruwa zai koma Burum Gana, da tsawon kowace, ko da a ƙiyasin tafiyar kwalekwale ne. Ardo, ɗanka ya turo min mashayun da suka toshe. Ɗan Kura, ka tambayo mana shugabannin ƙungiyarku ko za su zo Haɗeja.

Ɗan Kura: Zan tambaya gobe bayan Azahar. In sun ƙi, ni zan zo.

Baba masunci, Nguru: Malama, ki ba ni zuwa Laraba. Akwai biyu da na daɗe ban shiga ba, sai na je na gani da idona kafin in faɗa miki.