Neman kalmar Hausa: me za mu kira "back-calculation" a ƙididdigar cutar HIV?

Mai tambaya: Malamai, ina fassara wani bayani kan yadda masana ƙididdiga suke gano yaɗuwar ƙwayar cutar HIV daga rajistar mace-mace, sai kalmar "back-calculation" ta tsaya mini. Ba a sanin ranar da mutum ya kamu, amma ana rubuta ranar da ya rasu, kuma an san cewa idan babu magani akan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ƙanjamau ya bayyana. Saboda haka sai a ɗauki adadin mamatan kowace shekara, a koma da shi baya don a gano yawan waɗanda suka kamu a shekarun da suka gabata. Ron Brookmeyer da Mitchell Gail ne suka gabatar da hanyar a Amurka a 1986, da alƙaluman waɗanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsu. Na rubuta "lissafin baya", amma raina bai kwanta ba.

Amsa ta farko: Malam, da gaskiyarka da ka yi shakka, domin mai karatu zai ɗauka tsohon lissafi ne da aka yi aka rufe. "Lissafin koma-baya" kuwa ya fi muni, tunda koma-baya lalacewa ce. Ni "bin sawu" nake gani.

Amsa ta biyu: Malama, "bin sawu" yana da daɗin faɗa, sai dai mai bin sawu mutum guda yake nema, alhali wannan hanya ba ta san kowa da sunansa ba, jimilla kawai take dubawa. Ga shi kuma tun lokacin korona kalmar ta zauna a kan neman waɗanda suka yi cuɗanya da mai cuta.

Ita kanta "lissafi" ban yarda da ita a nan ba, domin lissafi amsa guda yake bayarwa, wannan kuwa ƙiyasi ne mai iyakar sama da ta ƙasa. Tun da aka fara haɗa magunguna masu ƙarfi a 1996, tazarar da ke tsakanin kamuwa da mutuwa ta miƙe, har raguwar mamata ta daina nuna raguwar masu kamuwa kai tsaye. Rajistar ma ba ta cika ba: wasu mamatan ba a rubuta su, wasu kuma a rubuta musu tarin fuka a takardar shaidar mutuwa a bar HIV, kamar yadda aka gani a Afirka ta Kudu. Shawarata ita ce "ƙiyasin waiwaye", domin mai waiwaye yana tsaye ne a yau yana duban inda aka fito, kuma haka masanin yake yi da alƙaluman.

Mai tambaya: Na gode, Malam, na karɓa. Na gwada ta a jumla ta zauna: "Ƙiyasin waiwaye ya nuna cewa yawan masu kamuwa ya kai ƙololuwa shekaru da dama kafin yawan mamata ya kai tasa." A farkon ambatonta zan ƙara layi ɗaya na bayani.