Daga Gaban Kyamara Zuwa Bayanta: Shawara ga Jarumar da Ke Son Zama Darakta

Masu harkar fim da suka tattauna batun nan a Katsina sun haɗu a kan abu ɗaya: sunan da jaruma ta yi a talabijin ba ya koya mata ba da umarni. Shawararsu ita ce ta fara yin mataimakiyar darakta ko mai lura da kwantiniti, wato daidaiton kaya da shiga daga fitowa zuwa fitowa, a shiri biyu ko uku. A nan za ta ga yadda ɗankwali ke canza ɗauri tsakanin fitowa da fitowa, mai tace hoto, wato edita, ya rasa yadda zai haɗa.

Kafin ranar ɗauka, ta rarraba labarin bisa wuri, ba bisa jerin aukuwarsa ba. Duk fitowar da ke tsakar gida ɗaya a gama ta a yini guda.

A tattaunawar an fi daɗewa a kan sauti, domin shi ke kashe aikin sababbi. A kai janareta bayan katanga da doguwar waya, a kashe fanka, makirufo ya matso kusa da baki, mai sauti kuma kada ya cire abin kunne. Hoto mai ɗan duhu ana gyara shi, amma ƙarar babur da ta hau kan magana sai an sake ɗauka.

Ɗaukar waje a yi ta da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido. Idan na talabijin ne, a saita kyamara a firam 25, wato hoto 25, a daƙiƙa.

Kada ta fito a shirinta na farko, hankali zai rabu biyu. Ɗauka kusa da Rijiyar Kusugu a Daura kuwa, a nemi izini tukuna. Kowane dare a kwafe aikin a hadis biyu, wato na'urar adana bayanai ta kwamfuta, kafin a goge katin kyamara.