Ƙanena ya daina barci, Baba ya ce gidan mari za a kai shi

'Yar Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali nake nema. Ƙanena ne, shekararsa 23, yau sati biyar rabonsa da barcin kirki. Tsakar dare sai ka ji yana magana shi kaɗai, wai ana kiran sunansa ta bayan katanga. Ya daina cin abincin gida, ya ce an zuba masa wani abu, sai biredi da ruwan leda da ya sayo da hannunsa. Ba ya shaye-shaye, ko taba bai taɓa sa wa a baki ba. An yi ruƙiyya sau uku. Baba ya ce ranar Asabar za a kai shi gidan wani malami a bayan gari inda ake sa musu mari. Ni asibiti nake so. Dubu 60 ce a hannuna, kwasar adashi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano, wanne zan nufa? Kuɗin za su isa? Kuma yaya ake kai mutumin da ya rantse shi lafiyarsa lau?

Baban Ummi: Ƙwaya ce. Ku duba aljihunsa da ƙarƙashin katifa. Tun da aka hana kodin a 2018 yaran nan suka koma wasu abubuwan da ko wari ba su da shi.

'Yar Kurna: Baban Ummi, ai na ce ba ya sha.

Baban Ummi: Haka kowace yaya take cewa.

Malamin Islamiyya: Allah ya ba shi lafiya. Ku dage da Baƙara a gidan, da azkar safe da yamma, da man habbatus sauda. Waye ya yi ruƙiyyar? Ba kowa ne ya iya ba.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata, ki yi wa Allah kada ki bari Asabar ɗin nan ta zo. Ki je ki kama ƙafar Baba idan ta kama. Mu mun kai namu. Yayana ne, tela, mutum mai kunya, ko tsawa bai iya ba. Da ciwon ya taso kawunmu ya ce ya san wani gida, muka kai shi da buhun masara da kuɗin wata uku. Aka ce kada kowa ya zo sai bayan kwana arba'in, wai ganin dangi yana ƙara wa aljanin ƙarfi. Wata takwas ya yi. Ranar da na je da Inna, wallahi ban gane shi ba sai da ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi. An haɗa ƙafarsa da ta wani yaro a mari ɗaya, in ɗaya zai zaga sai ɗayan ya bi shi. Idon sawunsa ya ci ya zama gyambo, ƙuda na bi. Kwanon da na kai masa na dambu bai taɓa ba, ya tura shi bayansa yana waige-waige, ashe ƙwacewa ake yi. Inna ta yanke jiki ta faɗi a wurin. Yau shekara shida yana shan maganin asibiti, ya koma kan kekensa, har kayan sallah yake karɓa. Amma har gobe ba ya sa takalmi sau-ciki saboda tabon, kuma ko ƙarar sarƙar babur ya ji sai ya miƙe tsaye. Kawun ya rasu bara, Yaya bai je gaisuwa ba, ni ma ban ce ya je ba.

Uwargida Sakkwato: Innalillahi. Hawaye nake yi wallahi. Ba a manta da 2019 ba, da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka sake ganin irinsa a Daura. Mu nan asibitin ƙwaƙwalwa na Kware muke kaiwa.

Malamin Islamiyya: Kada a haɗa mu da masu mari. Ni ban ce a ɗaure kowa ba, kuma ban hana asibiti ba. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A haɗa biyun.

Ɗan Adaidaita: In dai magana shi kaɗai ce alamar, to tun da fetur ya tashi sai a kwashe mu duka 'yan adaidaitan Kano. Anti, ki ce masa gero za ku saro a kasuwar Dawanau, ni zan kai ku, kuɗin mai kawai.

Nas Mai Aikin Dare: Kada ki yi masa ƙarya, in ya gane zai sa ki cikin masu zuba masa abu a abinci. Ki ce likita za ku gani kan rashin barci, gaskiya ce kuma shi ma abin yana damunsa. Ki tafi da namiji ɗaya wanda yake jin maganarsa, ba gayya ba. Duka wuraren biyu akwai likitocin ƙwaƙwalwa, ki je wanda za ki iya jurar komawa duk wata, don ba zuwa ɗaya ba ne. Za su fara duba ko zazzaɓi ne ko wani abu da ya sha, ba lallai a kwantar da shi ba. Kafin nan ku kawar da wuƙa da fiya-fiya da maganin ɓera, kada a yi masa musu kan muryoyin, kada kuma a ce ana ji. Magani yakan ɗauki makonni kafin a ga sauyi sosai. Wani kuma yakan sa wuya ya sandare, harshe ya yi nauyi, yawu na zuba. A nan iyaye suke cewa aljanu sun ƙi magani su watsar. Illar maganin ce, ku koma, akwai ƙwayar da ake haɗawa da shi. Ki kuma faɗa wa Baba akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mai wannan ciwon yana da haƙƙi kamar kowane majinyaci.

Baban Ummi: Ke nas ce ko likita? Kuma wace 'ya ce za ta tsaya gaban ubanta tana karanta masa doka?

Maman 'Yan Biyu: Ta fi ka sani dai. Kai waye naka ya taɓa yi?

Nas Mai Aikin Dare: Gaskiyarsa kan doka, na janye. Ki samu limamin unguwa ko wani aminin Baba ya yi masa magana.

Mai Shago a Kwari: Dubu 60 ta yi yawa ma. Mu kati da gwaji da maganin wata guda bai kai dubu 15 ba.

Uwargida Sakkwato: Wace shekara? Mu sati uku aka kwantar da ɗiyar mijina, da gado da abinci da mai jinya sai da muka haura dubu 200.

Maman 'Yan Biyu: Allurar wata da ake yi wa Yaya dubu 4 muke saye.

Mai Shago a Kwari: Dubu 9 na saya watan jiya, sai da na zaga kemis biyar.

Ɗan Adaidaita: Alhaji, kai da ganin motarka aka ƙara maka.

'Yar Kurna: Na gode. Amma ana bukatar takarda daga ƙaramin asibiti kafin a karɓe mu, ko kai tsaye ake zuwa?

Baban Ummi: Ku yi masa aure kawai, kaɗaici ne. Da ya ga mace a ɗaki zai nutsu.

Bazawara Mai Haƙuri: Ka ji tsoron Allah. Ni aka yi wa wannan. Sai da na tare da wata biyu na tsinci katin asibiti cikin aljihun babbar riga ina wanki. Uwarsa ta sani, ƙannensa sun sani, har wanda ya karɓa masa auren ya sani. Sun hana shi shan magani tun kafin biki don kada in gani. Da an faɗa min tun farko wataƙila in zauna, mutumin kirki ne in yana kan magani. Da ciwon ya tashi kuma ni aka ce na yi masa asiri.

Uwargida Sakkwato: To ai laifinmu ne duka. In ka faɗa, manema su gudu har daga kan ƙannensa mata. Ɗiyar mijina an kawo kuɗin gaisuwa, maƙwabciya ta je ta kai gulma, aka aiko a mayar.

Malamin Islamiyya: Ɓoye irin wannan a wajen aure ha'inci ne, ba sutura ba.

Mai Shago a Kwari: Malam, kai za ka ba shi 'yarka in an faɗa maka?

Bazawara Mai Haƙuri: Yawwa. Malam, muna jira.

'Yar Kurna: Jama'a, yau Alhamis fa. Maganar takardar nan, akwai wanda ya sani?