Fitsarin kare da ciyawar tsakar gida: abin da na tsinta a hirarmu

Mun ɗan jima muna musu da wasu masu kiwon karnuka kan yadda fitsarin kare ke ƙona ciyawar tsakar gida, to ga abin da na kwaso.

Ashe ba wai asid ba ne kamar yadda da yawa ke cewa, naitirojin ne da gishiri suka yi yawa a fitsarin, kamar ka zuba taki da yawa wuri ɗaya, shi ya sa za ka ga tsakiya ta bushe amma gefe ya yi kore shar. Kuma karya ba ta fi namiji laifi ba, tsugunnawa take yi ta juye duka a waje guda, shi kuwa yana ɗaga ƙafa ya ɗan yayyafa nan da can.

Dabarar da kowa ya yarda da ita: kare yana gama fitsari ka bi wurin da bokitin ruwa nan take. Aiki ne kam, amma yana yi. Ni dai na fi son a ware masa lungu a zuba tsakuwa masu santsi, a riƙa kai shi da igiya ana ba shi ɗan abin taɓawa har ya saba. Kar dai a shimfiɗa ɓawon koko (wanda ake yin cakulan da shi) a wurin, guba ne ga karnuka.

In za ka sake shuka, ciyawar da ake kira fescue ta fi wadda ake kira Bermuda jure fitsarin, sannan ka rage taki.

Wani ya ce a sa wa kare gishiri a abinci don ya yawaita shan ruwa, nan fa aka yi masa caa! Ruwa mai tsafta kawai za ka wadata shi da shi, magungunan canza fitsari kuma sai likitan dabbobi ya yarda.