Kullen korona a Kano: wa ya leƙa gidajen da aka daina jin motsinsu?

Sakataren ƙungiyar unguwa, Ɗorayi

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu na son buɗe littafin gidajen da ya kamata a riƙa leƙawa idan wata masifa ta taso, Allah Ya kiyaye. Dattawa suka ce kafin mu ɗauki biro mu fara jin yadda aka yi a wasu unguwanni lokacin korona. Don tuni: ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Kano, ranar 16 aka rufe gari, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya sanar da kullen mako biyu. Ba a sake mu gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. Abin da idonku ya gani nake nema: wa ya kula da tsofaffi, zawarawa, marasa lafiya da masu fita su nemo a ci? Don Allah kada a kama sunan kowa.

Maman 'Yan Biyu, Yakasai

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, mu a cikin gari ciyayya ce ta fara tona mana inda wahala take. Ka san kwano ba ya komawa wayam. Akwai wata Hajiya a lungunmu, mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta duk suna wasu garuruwa, kuma an rufe hanya. Mace ce mai kamun kai, ko gishiri ba ta taɓa aikowa a sam mata ba. Idan ka kai mata tuwo, kwanonka zai dawo da ɗan dabino ko daddawa. Sai muka ga kwano ya fara dawowa a wanke kawai, daga baya ma ta ce wa yarana a daina wahala, ta ƙoshi. Hayaƙi kuma ba ya tashi daga tsakar gidanta.

Da mun ɗora buhu a ka mun shiga, wallahi da ta mayar mana da shi, ƙila zumuncin ma ya ɓaci. Sai uwargidan maƙwabcinmu ta kawo dabara. Muka haɗa gero da tsamiya da sukari da itace, aka aika mata cewa duk lungun babu mai hannunta a kunun tsamiya, ta taimaka ta riƙa dama mana na buɗa-baki. Ba ƙarya aka yi ba, ta iya. Kullum la'asar yara su je da jug su karɓo, ita kuma a bar mata nata kason, har da wake da mai wai na ƙosai. Haka aka yi har salla. Har yau tana cewa ita ta ciyar da lungu a shekarar korona, mu kuma mu ce ƙwarai kuwa, Hajiya.

Ɗan Sahu, Kurna

Allah Ya saka muku, Maman 'Yan Biyu. Mu 'yan adaidaita mu ne masu taimakon, mu ne kuma abin taimako. Ɗan abin da na ajiye bai kai ko'ina ba. Mai mashin ɗina ya kira ni da kansa ya ce ya yafe balas, wato kuɗin da nake kai masa, har a buɗe gari, Allah Ya ji ƙan mahaifansa. Wasu abokan sana'ata ba su yi wannan dacen ba.

Da aka fara sassautawa Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa huɗu, sai mu uku muka raba layinmu. Tun daren jajibere yaran mai unguwa za su bi gidajen tsofaffi su karɓo sautu da kuɗi a ƙulle a leda, kowa da alamarsa. Da safe mu nufi 'Yankaba mu sayo kayan miya a dunƙule, ya fi sauƙi. Awa shida ce, ga cunkoso, ga rana, ga azumi a baki. Na dare ya fi wuya: naƙuda ba ta san doka ba. Mai unguwa ya rubuta mana takarda da hatiminsa, wani shingen a duba a ce Allah Ya sauke ta lafiya, wani shingen kuma sai an yi ta magiya mace na murƙususu a baya.

Mai Shago, Fagge

Littafin bashina ya fi duk wata rajista sanin unguwa. Wanda da yake sayen kwano ya koma gwangwani, mai gwangwani ya koma "rubuta". Wata rana bayan isha wani bawan Allah ya zo ya ce in haɗa masa jimlar bashin gidajen da babu namiji, bai nemi suna ko ɗaya ba, ya biya ya tafi. Matsalata ita ce kaya sun ƙare, kasuwar Singa a rufe, in an samu kuma farashi ya tashi. Ba za ka ba da bashin abin da babu ba.

Ɗan Gwale

Ku yi haƙuri, ni zan ɗan ɓata muku labarin. Kada a mayar da abin kamar kowa ya zama waliyyi. Na ga rabon tallafi da idona: an ce na talakawa ne, amma jerin sunayen a ɗakin wani aka rubuta shi, masu baki da masu uwa a gindin murhu suka cika shi. Aka tara mutane a fili ɗaya suna turereniya, a lokacin da ake cewa a ba da tazara. Gurgu da tsohuwa ta ina za su kutsa? Wasu masu kuɗin kuma sai an jera mata an ɗauki hoto da ledar taliya a hannu kafin a sake musu. Mai mutunci ya gwammace ya kwana da yunwa.

Sannan kada mu manta da mace-macen ƙarshen Afrilu. Kullum sai ka ji sanarwar rasuwar wani dattijo. Daga baya a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da nasaba da korona. Sauran fa? Mu dai mun ga masu hawan jini da ciwon suga da magani ya yanke musu, an je asibitin kuɗi an tarar a rufe ko an ƙi karɓa don tsoro. Abu ɗaya da zan yaba: samarin unguwarmu sun riƙa ɗaukar diga da shebur su tafi maƙabartar Ɗandolo su taya masu haƙa, don aikin ya fi ƙarfinsu. Babu wanda ya sa su.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni

Yaya na Gwale, gaskiya ka faɗa, kuma mu ma a tsorace muke, kayan kariya ba su wadata ba a farko. Amma akwai wasu da ba a ambata ba: iyalan waɗanda aka ɗauka zuwa wurin killacewa, ko Kwanar Dawaki ko filin wasa na Sani Abacha. Da motar ta bar ƙofar gida, shi ke nan an yi wa gidan tambari. A layinmu mai ruwa ya daina tsayawa a wani gida, aka hana yara ko kallon ƙofar. Matar tana ciki da ƙananan yara, babu ruwa, a zafin Afrilun Kano.

Na je wajen liman na yi masa bayani cewa ajiye jarka a bakin ƙofa ba ya sa wa kowa cuta. Shi ya fara kai ta da hannunsa, yana sanye da takunkumi, mutane na leƙe. Washegari jarkoki sun yi layi. Muka riƙa tura mata kati, ana kiranta safe da yamma. Da mijin ya dawo lafiya, liman ne ya fara zuwa yi masa barka.

Ni kuma da yamma nakan zaga da na'urar awon jini gidajen tsofaffin da na sani. Da yawa ba su san sunan maganinsu ba, sai dai "ƙaramin fari" da "mai ruwan ɗorawa". Malam Sakatare, in za ku yi littafin nan, ku rubuta sunan maganin kowa daga jikin kwalinsa, da lambar ɗa ko 'yar da za a kira. Ranar da aka buɗe gari mutum ɗaya zai iya sayo wa gida goma a kemis.

Maƙwabcin tsangaya, Rijiyar Lemo

Almajirai fa? Gidaje sun rufe, kasuwa ta rufe, bara ta tsaya cak. Gwamnati ta kwashi wasu ta mayar jihohinsu, amma ba duka ba. Malamin da ke kusa da mu ya rage da yara, ga shi shi ma sadakar ta yanke. Muka zauna da shi, kowane gida ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu da suna, sahur da buɗa-baki, ya zo ƙofa ya karɓa ya koma. Abin da ba mu hango ba shi ne tsofaffin matan da almajiri ne ƙafarsu. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai niƙa, shi ke sayo kalanzir. Da aka tafi da yaran, sai ga tsohuwa da kuɗinta a ƙulle a bakin zani amma babu ɗan aike. Sai da muka sa 'ya'yanmu suka maye gurbin.

Jikar Inna, Gwammaja

Na karanta wa kakata abin da kuka rubuta, ta ce in rubuta nata. Ta ce ita abinci bai yanke mata ba, Alhamdu lillahi. Abin da ya dame ta, ƙawayenta biyu sun rasu a watan nan ba ta je gaisuwa ba, sai a waya aka gaya mata. Babu tafsiri a masallaci, babu mai shigowa a yi hira, salla ta zo babu hawa. Rediyo ce abokiyar zamanta. Ta ce a cikin duk abin da aka kawo mata, ba ta manta yaron maƙwabta da yake kawo mata batir, ya tsaya daga bakin zaure ya gaishe ta da ƙarfi don kunnenta ya yi nauyi, ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya warke.

Sakataren ƙungiyar unguwa, Ɗorayi

Na gode ƙwarai, a gaida Inna. Na rubuta batun magani, lambar waya, ɗan aike da batir. Amma maganar ɗan'uwa na Gwale ta tsaya mini a rai. In muka rubuta sunaye, me zai hana littafin ya faɗa hannun masu neman ƙuri'a, ko ya zama abin gori?

Maman 'Yan Biyu, Yakasai

To kada ku rubuta "mabuƙata" a bangonsa, kuma kada ya zauna a majalisar maza. Ku maza iyakarku zaure. Ku nemi unguwarzoma, mai kitso, mai markaɗe da malamar Islamiyya, su ne ke shiga har ƙuryar ɗaki. Kowace ta riƙe gidajen lungunta a ka, littafin ya ƙunshi sunayensu su kaɗai da lambobinsu. Na magani kuma ya zauna wajen ma'aikaciyar lafiya.

Ɗan Gwale

Wannan na yarda da shi. Sai dai mai unguwa zai ce an tsallake shi, ku shirya amsar da za ku ba shi kafin ranar taron.