Yaya ake kawo rahoton wasan mata ba tare da ya koma hira kan sutura da aure ba?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'ar. A shirye-shiryen wasanni na Hausa, Firimiyar Ingila ke cinye lokaci, wasan mata kuwa sai a gutsuro masa ƙarshen shiri, shi ma rabinsa muhawara ce kan ko ya dace mace ta buga ƙwallo. Idan za a ɗauki rahoton wasan mata a filin Ahmadu Bello ko Dandalin Murtala da ke Kaduna, me ya kamata a tanada, kuma yaya za a tsara shi?

Mai Sharhi:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar tun kafin alƙalin wasa ya hura usur take farawa. Wakilin da ya je fili ba shi da sunaye, dole ya cike gibin da surutu, surutun kuma a kan jiki da tufafi yake sauka. Don haka a isa fili aƙalla awa ɗaya kafin wasa, a karɓi takardar sunaye daga sakataren kowace ƙungiya: suna, lambar riga, wurin da kowacce take bugawa. In ba a buga takardar ba, wanda ya zama ruwan dare a ƙananan gasanni, a rubuta da hannu a karanta wa kociya ya tabbatar. A riƙe agogo, a rubuta mintin kowace ƙwallo, wadda ta ci, wadda ta ba ta, da katunan da aka bayar.

Rahoton minti ɗaya a rediyo kalma 150 ne ko ƙasa da haka. Jimlar farko sakamako. Misali wasan ƙarshe na Kofin Afirka na mata a Rabat ranar 26 ga Yulin 2025: Najeriya ta doke Maroko da ci 3-2 bayan an fara zura mata ƙwallaye biyu, Esther Okoronkwo, Folashade Ijamilusi da Jennifer Echegini suka ci, kofi na 10 ke nan. Daga nan sai dalili: me kociya Justine Madugu ya gyara bayan hutun rabin lokaci? A wasan unguwa ma tsarin bai canza ba.

A kula da harshe. Mai fassara labari a gurguje sai ka ji ya ce "ɗan wasan ya ci", alhali mace ce. 'Yar wasa ce, ta ci. Kuma a daina kiran matan da suka ba talatin baya "yara".

'Yar Tudun Wada:
Malam ya gama da rediyo, saura hoto, domin a nan Arewa hoto ne ke raba yarinya da fili. Hoto ɗaya da aka ɗauka daga ƙasa lokacin da ta faɗi, ya zagaya Facebook da WhatsApp, ya isa uba ya ce an gama. Mai kyamara ya tsaya a tsaye, ko ya hau benen 'yan kallo, ya ɗauki fuska da ƙwallo tare. Ban da lokacin miƙe jiki, ban da lokacin sauya riga, ban da wadda ta ji rauni tana kwance. Wadda ba ta kai shekara 18 ba, a nemi izinin iyaye ta hannun kociya ko makaranta kafin a sa sunanta da fuskarta. Bayan an wallafa, wani ya zauna a kan sharhin jama'a awannin farko yana goge batsa, don a nan wutar take tashi.

Batun lulluɓi kuma, masu gabatarwa da yawa ba su san an wuce wurin ba. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai, da sharaɗin ya zama baƙi ko launin rigar, kada a haɗe shi da rigar, kada ya zama da abin da zai ji wa wani ciwo. Shi ya sa ba a sa fil. Ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Kofin Duniya na 2023 da hijabinta. Faɗin wannan a iska ya fi wa iyaye amfani a kan muhawarar awa guda.

Baban Edita:
Hajiya, gaskiyarki. Sai dai ban yarda a kauce wa batun jinsi ɗungurungum ba. Inda labari yake, a bi shi, amma da lissafi. 'Yan Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya, sun yi zaman dirshan a otal a Abuja a 2016 kan alawus, suka sake yi a Faransa a 2019. Tambayoyin da suka dace: nawa aka yi alkawari, nawa aka biya, wa ya sa hannu, nawa maza suka karɓa? A matakin jiha kuma: ƙarfe nawa ake ba mata filin atisaye, akwai ɗakin sauya kaya mai ƙofa, akwai mace cikin masu kula da lafiya?

A ware wa wasan mata minti biyar tsayayyu kowane mako, kada a jira sai an ɗauko kofi. Gasar NWFL ta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar mata a Najeriya na nan da su Nasarawa Amazons da Edo Queens, ga D'Tigress, 'yan ƙwallon kwandon matan Najeriya, da suka ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. A sanar da rana da wuri kwana biyu kafin wasa, a maimaita da safiyar ranar.