Shuka ɗinya a bakin fadama: abin da masu lambun Katsina suka ce

Da masu lambu da masu rainon dashe na gefen madatsar Ajiwa suka tattauna kan ɗinya, bakinsu ya zo ɗaya a kan wuri: tana son ƙasa mai riƙe laima, irin ta bakin rafi da gefen fadama. A jigawa mai tsandauri takan tsumbure, ta yi ta zubar da fure.

Inda aka fi daɗewa ana tattaunawa shi ne batun tsiro. Ƙwallon ɗinya na da tauri, in aka binne shi haka nan sai ya shafe watanni bai motsa ba. Shawarar ita ce a tsinci baƙaƙen 'ya'ya da suka nuna suka faɗo da kansu, a wanke naman tas, domin ragowarsa ke jawo ruɓewa da tururuwa. Sai a goge gefen ƙwallon a kan dutse, a jiƙa shi kwana guda, a sa a leda mai rairayi da ruɓaɓɓen taki. Ƙwallo ɗaya kan fito da tsiro biyu ko uku. A bar mai ƙarfin. Wasu sun fi son cire 'yan tsiron da ke fitowa daga saiwar uwar, kuma wannan ya fi sauri.

A dasa da damina ta kankama, tazarar mita 10, don bishiyar na baza rassa. Shinge dole ne. Awaki ba sa ɗaga wa ɗanyen ganyenta ƙafa.

Masu dafa maɗin ɗinya kuwa sun ja kunne kan wuta: in ruwan ya fara kauri a rage itace, a riƙa juyawa, in ba haka ba ya kama gindin tukunya ya yi ɗaci.